Zazzaɓin Baban Alheri da Laraba Ukun da Muka Bari Suka Wuce

Matan zumuntarmu ta coci sun daɗe suna matsa mini in tashi a gaban taro in ba da labarin jinyar maigidana. Ni kuwa na san halina, in na buɗe baki a gaban jama'a, ko dai in ɓige da faɗa ko in ɓige da kuka. Shi ya sa na zauna na rubuta. Duk wanda yake da mai zazzaɓi a gida, zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ya karanta ya ɗauki abin da zai yi masa amfani.

Sunana Rifkatu. Tela ce ni, shagona yana Makera, a bakin layin da muke haya. Mijina Yohanna, wanda kowa ke kira Baban Alheri da sunan 'yarmu ta fari, makaniken inji ne. Ya daɗe yana aiki a masaƙa a Kakuri, da aka rufe ta sai ya kafa rumfa yana gyaran janareto da injin niƙa. Mutum ne mai jiki, mai cin tuwo malmala uku ya nemi ƙari. Tun da muka yi aure ban taɓa ganinsa kwance a gadon asibiti ba.

Zazzaɓin ya fara ne sati ɗaya bayan Ista. Wajen ƙarfe biyar na yamma jikinsa zai ɗauki zafi, ya dawo gida da wuri yana rawar sanyi, da safe kuma ya tashi garau ya koma rumfa, sai dai zanen gado ya jiƙe sharkaf da gumi. Na je wajen mai kemis na kwanar layinmu. Ko gama bayani ban yi ba ya miƙo magani.

"Maleriya ce, Madam. Ruwan farko ya sauka, kowa da ita yake fama."

Ya sha na kwana uku, ya huta kwana biyu, zazzaɓi ya dawo daidai lokacinsa kamar mai zuwa aiki.

Sati na uku muka je wani ɗakin gwaji a unguwar Television. Aka ɗebi jini, bayan awa ɗaya aka miƙo takarda: maleriya da taifod. Ni dai na lura duk wanda ya shiga ɗakin nan da wannan amsar yake fitowa, ko da ciwon haƙori ne ya kai shi. Amma a lokacin murna na yi, don an ba ciwon suna. Wata nas maƙwabciyarmu ta yi masa allura kwana biyar, ga ƙwayoyi manya-manya safe da yamma. Masu zuwa dubiya kuma kowa da nasa. Wannan ta ce a dafa ganyen gwanda da dogon yaro ya yi sirace, waccan ta ce ruwan tsami na akamu, wato ƙullun koko, wani dattijo ya ce ba ciwon asibiti ba ne, a duba ko wani a kasuwa ya sa masa ido. Fasto ya zo ya yi addu'a, shi kaɗai ne bai rubuta mana magani ba. Duk wanda aka kawo sai da Baban Alheri ya sha, don ba ya iya ce wa mutum a'a.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don in ban faɗa ba rubutun nan bai da amfani.

Wata Asabar a sati na huɗu ina guga, sai na ga ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Na ɗauko tef na auna wandon, na dubi mutumin yana zaune a tsakar gida, na ga ya rame. A unguwarmu in namiji ya fara ramewa ga zazzaɓi, ciwo ɗaya ne ke zuwa wa mutane a rai, kuma matarsa ake fara kallo. Na ga yadda aka yi da wata mai sayar da ƙosai a layinmu, cikin wata ɗaya ba mai tsayawa a gaban kaskonta. Ban ce masa komai ba. Na kwashe wandunansa na kai shago na rage ƙugu, na rage cinya, na gyara kafaɗun riguna har da kwat ɗinsa na zuwa coci. Aikina ne, kuma na iya shi, ba wanda zai ga alamar an taɓa ɗinkin. Ranar Lahadi mutane suna ce masa, "Kai, Baban Alheri, jiki ya yi kyau!" Ina jin daɗi a raina. Bayan kwana goma na sake ragewa.

Sati na biyar muka fara zuwa asibitin gwamnati da ke kusa da mu. Wanda ya san wurin ya san sai ka fita tun shida na safe kafin ka samu kati, sannan ka zauna a benci har azahar. Ni kuma ba na so ya galabaita a hanya. Kafin mu fita sai in ba shi fanadol biyu da koko mai zafi, ya yi wanka, ya yi aski, ya sa riga mai guga. A ganina namiji ba ya fita gaban mutane a wulaƙance. To, kafin layi ya zo kanmu magani ya gama aikinsa. Nas ta sa masa ma'aunin zafi, ta duba, ta ce lafiya lau. Likita, wanda jama'a ke jiransa har bakin ƙofa, ya ɗaga kai ya dube shi.

"Kana tari?"

"A'a, likita."

"Ka rame?"

"Ko kaɗan. Wandona yana nan yadda yake."

Ina zaune a gefe da jaka a cinya, na ji, ban gyara maganar ba. Aka sake rubuta maganin maleriya, wani iri daban, da maganin ƙarin jini. Sau uku muka je a cikin sati biyu, sau uku ina ba shi fanadol a bakin ƙofa, sau uku ana sallamarmu.

Sati na bakwai ya yanke jiki ya faɗi a rumfa da sufana a hannu. Maƙwabcinsa mai faci, Malam Sani, shi ya sa shi a keke mai ƙafa uku ya kai shi asibiti, sannan ya aiko a kira ni. Daga can aka tura mu babban asibiti a ƙetaren gada, aka ba shi gado. Jininsa ya yi ƙasa sosai, aka ce a ƙara masa jini leda biyu nan take. Samarin cocinmu suka zo suka bayar, Malam Sani ma ya naɗe hannun riga ya ce a ɗiba. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba.

Daga nan sai gwaje-gwaje, kullum ina sama ina ƙasa da kwalba da takarda. Ciwon da nake tsoro an gwada har sau biyu, babu. Na shiga bayan ɗaki na yi kukan murna, ban san murnar ba ta da nisa ba. Hoton ƙirji bai nuna wani abu ƙarara ba. Hoton ciki ya ce saifa ta ɗan kumbura. An ɗebi jini an ajiye kwanaki ko wata ƙwayar cuta za ta tsiro, ba abin da ya fito, wai saboda yawan magungunan da ya riga ya sha. Zazzaɓi kuwa ko gezau, biyar na yi zai iso. An ƙara masa jini, bayan kwana shida jinin ya sake sauka kamar ana zuba ruwa a kwando. A satin ne na sayar da keken ɗinkina na biyu, zumuntar mata kuma suka haɗa abin da suka haɗa suka kawo a ƙulle cikin hankici.

Sati na takwas aka kira likitar jini ta gan shi, Dakta Maryam, wata 'yar siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta karanta fayil ɗin tun daga farko, ta duba idonsa da tafin hannunsa, ta latsa cikinsa. Sai ta kama bakin wandonsa da ke rataye a kan gado, ta dubi ɗinkin, ta dube ni.

"Madam, mene ne sana'arki?"

"Ɗinki."

"Zo mu yi magana a waje."

A baranda na faɗa mata komai, wandon da fanadol ɗin. Na ɗauka za ta wanke ni tas. Biro kawai ta ciro.

"Inci nawa?"

"Daga talatin da shida zuwa talatin da ɗaya."

Ta rubuta. Ta ce, "Wannan awon naki ya fi mini sikelinmu amfani. Da tun farko kika faɗa." Ba ta ƙara ko kalma a kai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka koma ciki ta ja kujera ta zauna kusa da shi. Ta ce jan jininsa ya ragu, farin ma ya ragu, har da abin da ke sa jini ya daskare in an ji ciwo. In dukansu suka sauka tare, ga zazzaɓi wata biyu ba a san dalili ba, to sai an leƙa inda ake yin jinin, wato ɓargo. Ta tambaye shi aikin da ya yi a da, ya ce masaƙa.

"To kai za ka fi kowa ganewa. In atamfa tana fitowa da aibi, a kasuwa ake neman dalili?"

Ya yi murmushi, ya ce, "A'a, sai an buɗe inji."

"Shi nake so in yi. Wata biyu ana duba atamfa."

Ta ce ba fiɗa ba ce. Za a kashe wurin da allura, a sa wata allurar a ƙashin ƙugu ta baya, a zuƙo ɓargo kaɗan, a ciro ɗan guntun ƙashi da bai kai tsinken ashana ba. Minti ashirin ne ko talatin. A ciki za a iya ganin ko sankarar jini ce, ko wata cuta ce ta ɓuya a can, ko kuma a ga ba komai, a san an rufe wannan ƙofar. Ranar Laraba kawai suke yi, don ranar ce ake haɗa kayan a kai Zariya a duba. Ta ajiye takarda a kan durowa ta ce ya sa hannu in ya yarda.

Ya dubi takardar, ya ce, "Sai na ji daga bakin Yaya."

Yayan nan shi ne Baba Ishaya, babban wansu, manomin citta a ƙauyensu can kudancin jiha. Tun da mahaifinsu ya rasu shi ne uba. Shi ya sa Yohanna a makaranta, shi ya nema masa aikin masaƙa, shi ya je gidanmu neman aurena. A gidansu ba a aure, ba a sayar da gona, ba a yi wa kowa aiki a asibiti sai ya ce to. Ban taɓa ganin aibin wannan tsarin ba, don sau da yawa ya raba mu da rigima.

Na kira shi a waya na yi bayani iyakar iyawata. Ina kaiwa kan allura a baya ya katse ni.

"Kada a taɓa bayansa. Kin ji ni, Rifkatu? Kada a taɓa."

Ashe shekarun baya, lokacin wata annobar sanƙarau, an kai mahaifiyarsu asibiti aka ɗebi ruwa a gadon bayanta, bayan kwana biyu ta rasu. Baba Ishaya ne ya riƙe ta ana yi. Tun ranar ya ɗauki alkawari ba za a ƙara huda bayan wani ɗan gidansu yana raye. Na ce, "Baba, wannan daban ne, a ƙugu ne." Ya ce yana tsakiyar shukar citta, ga 'yan ƙwadago a gona, in ya gama zai zo ya gani da idonsa. Laraba ta farko ta wuce.

Dakta Maryam ta zo zagaye ta ga takardar ba sa hannu. Ta ce da ni doka ba ta ce sai wa ya yarda ba, marar lafiya yana cikin hankalinsa, shi ke da ta cewa. Na ce na sani. Ta ce ba za ta tilasta shi ba, amma kowane sati da ya wuce daga jikinsa ake cirewa.

Baba Ishaya bai iso ba sai ranar Alhamis ta sati na goma, wato Laraba ta biyu ma ta tafi. Ya zo da zakara da galan ɗin jiƙo baƙi ƙirin. Da ya ga ƙaninsa sai ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Ba mugun mutum ba ne, ina so a san wannan. Dakta ta bar aikinta ta zo ta yi masa bayani da Hausa tiryan-tiryan. Har juya baya ta yi ta ɗora hannu a nata ƙugun, ta ce nan ne, ta kuma nuna tsakiyar baya ta ce can aka yi wa Mama, wuri biyu ne, aiki biyu ne, kuma sanƙarau ne ya kashe ta, ba allura ba. Ya saurara har ta gama, hularsa a gwiwa.

"Likita, na gode. Amma baya dai baya ne. Ku ba ni ɗan'uwana in kai shi gida, akwai mai magani a wajenmu."

Ban yarda an fitar da shi ba, wannan kam na tsaya. Na ce sai dai a bi ta kaina. Ya kwana biyu ya koma, ya bar galan ɗin, maganarsa kuma tana nan, bai janye ba. Ni na zubar da jiƙon a kwata, na wanke galan na riƙa ɗebo ruwa da shi.

Sati na sha ɗaya hanci ya fara zubar masa da jini. Abinci sai cokali uku. Ranar Talata da rana, bayan na goge masa jiki, na ɗauko takardar na ɗora masa a ƙirji.

"Baban Alheri, gobe Laraba."

"Na sani."

"To?"

"Maman Alheri, mutumin nan akuyarsa ya sayar ya saya mini yunifom. Ban taɓa ƙetare maganarsa ba, sai yanzu da na kwanta?"

Raina ya ɓaci, na manta a ɗakin marasa lafiya nake. Na ce, "Haba! Shi zai aurar da Alheri? Shi zai biya wa ƙannenta makaranta? In ka mutu shi zai yi kuka sati ɗaya ya koma gonarsa, ni ce zan zauna da abin!" Ya rufe ido, ya ce in yi haƙuri, zai sake kiran Yaya. Ya kira, amsar ba ta canza ba. Laraba ta uku ta wuce ina zaune a baranda ina kallon ana tura wani dattijo ɗakin da ake yin gwajin, bayan rabin awa aka dawo da shi yana cin ayaba.

A satin da ya biyo baya ya fara rikicewa. Wani lokaci ya kira ni da sunan ƙanwarsa, wani lokaci ya tambaya ko an busa ƙahon shiga aiki. Da safe ne kawai kansa ke washewa. Ranar Laraba ta huɗu, wajen ƙarfe takwas, Dakta Maryam ta tsaya a kansa ta tambaye shi sunansa da inda yake, ya amsa daidai. Ta sake yi masa bayanin tun daga farko, ta ce, "Ka yarda a yi?" Ya dube ni. Sai ya ce, "To." Har yau ban san ko to ɗin yarda ba ne ko na gajiya. Dakta ta tafi shirya kaya, nas ta ba shi biro ta juya wajen wani gado. Hannunsa na rawa, biron ya faɗi a kan zane. Na ɗauka na mayar masa tsakanin yatsu, na ɗora hannuna a kan nasa, muka rubuta Yohanna.

Abin da muka yi sati uku muna tsoro bai kai tsawon wa'azin Lahadi ba. Sai da aka fara ƙara masa jini saboda zubar da yake yi, sannan aka kwantar da shi a gefe ɗaya, aka goge wurin, aka yi allurar kashe zafi. Ya ce ya ji kamar ana danna shi da babban yatsa, sai wani ɗan zugi lokacin da aka zuƙa. Abin da aka ciro kamar jini ne mai kauri, aka shafa a kan ƙananan gilasai, guntun ƙashin kuma aka jefa a kwalba. Aka manna filasta. Ya ce, "Shi ke nan?" Washegari na riƙe shi ya taka da ƙafarsa har bayan ɗaki.

Kwana takwas muka jira. Ranar da sakamako ya dawo Dakta ta kira ni ofishinta ta ce tarin fuka ne. Na ce, "Dakta, mutumin da ko atishawa ba ya yi?" Ta ce ƙwayar ba a huhu kaɗai take zama ba, takan bi jini ta shiga ɓargo da hanta da saifa, mutum bai yi tari ko sau ɗaya ba. Ta ce ciwo ne mai magani, kuma maganin kyauta ne. Na tambayi inda ake samu. Ashe har a ƙaramin asibitin da nake wucewa kullum in zan je kasuwar Kakuri sayen zare ana bayarwa.

A ranar aka fara ba shi maganin. Kwana na biyar, ƙarfe biyar ta yi, shida ta yi, na taɓa goshinsa na ji sanyi. Karo na farko ke nan cikin wata uku. Ya sha kunun gyaɗa rabin kofi, ya ce a kawo masa rediyonsa, ya tambaya wa ke kula masa da rumfa. Na kira gida na ce wa yara Babansu ya kusa dawowa, abin da bai kamata in yi saurin faɗa ba. Kwana na takwas idonsa ya yi rawaya. Dakta ta ce hantar ta riga ta jigata, ga cutar, ga tarin magunguna da jiƙe-jiƙen da ya sha a baya, yanzu ta kasa ɗaukar maganin da zai cece shi. Suka canza, suka rage, suka yi iya yinsu, na gani da idona. Kwana na sha ɗaya, da hantsi, ina shafa masa mai a ƙafa, ya tafi.

Da na je karɓar takardu na tambaye ta, don ina so in ji daga bakinta. Ta cire tabarau ta ce, "Da wata ɗaya baya muka fara, ina da kyakkyawan zato. Ban ce tabbas ba." Ta sa aka gwada ni da yaran uku, ba a same mu da komai ba.

Ina godiya ga matan zumunta da suka yi ta kawo abinci bi da bi har ranar ƙarshe, da samarin da suka ba da jini, da Malam Sani da ya riƙa buɗe rumfar yana sharewa don kada a ce an tashi. Ina godiya ga nas-nas ɗin ɗakin maza, har da wadda muka yi cacar baki da ita a kan fo na marar lafiya. Ƙorafi kuma ina da shi. Mai kemis bai taɓa cewa ku je asibiti ba, kullum sai dai ga wani sabo ya fi wancan ƙarfi. Ɗakin gwajin nan na Television yana nan yana raba wa mutane taifod. Likitan farko bai ɗora shi a sikeli ba ko sau ɗaya. Amma ni na ba shi fanadol a bakin ƙofa, ni kuma na rage wandon. In zazzaɓi ya wuce sati uku, ku kai mutum yadda yake, da zafinsa da ramarsa da tsohon wandonsa yana zamewa. In likita ya ce a duba ɓargo, ku tambaya har ku gane, amma ku yi tambayar a ranar.

A ƙauye aka binne shi, kusa da mahaifiyarsa. Kwana uku bayan jana'iza dangi suka zauna kamar yadda aka saba, a tsakar gidan Baba Ishaya, maza a benci, mu mata a tabarma. Tun kafin zaman na ji ana ƙus-ƙus cewa allurar ce ta ƙarasa shi, an ce kada a yi, an yi, ga shi bai cika sati uku ba. Bayan addu'a Baba Ishaya ya gyara murya.

"Rifkatu, tambaya ɗaya zan yi miki a gaban dangi. Na ce kada a taɓa bayansa. Wa ya sa hannu?"

Yayana da ya rako ni ya yi mini ido. Amsar mai sauƙi tana nan, sunan Yohanna ne a takardar, ba wanda ya ga abin da ya faru, kuma ba mai tuhumar mamaci.

Na ce, "Baba, biron yana hannunsa, hannunsa kuma yana cikin nawa. Ni na ja."

Wata gwaggo ta ce, "Yesu!" ta rufe baki.

"Kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani, Baba. Abin da na kasa yafe wa kaina shi ne ban ja shi tun Larabar farko ba."

Sai ya ɗauki hularsa ya shige ɗaki, zaman ya watse ba a rufe da addu'a ba. Washegari na kwaso yarana muka dawo Makera.

Wata takwas ke nan bai kira ni ba, ni ma ban kira ba. Da kaka ya aiko wa yaran buhun masara. Direban ya sauke a ƙofar shago, na tambaye shi ko akwai saƙo, ya ce Baba bai ce komai ba.